Kewar Mota Mai Gudu a Lokacin Hunturu

A wannan mako ina so in ba ku labarin wata irin kewa da ke damun waɗansu mutanen Ingila kowace shekara, da ɓarnar da ta kan jawo musu.

Akwai motocin da ba a ƙera su don kaya ko iyali ba, sai don gudu, irin su Porsche ta Jamus, da Ferrari ta Italiya, da Lotus ta Ingila. Masu su kuwa suna ji da su kamar yadda mai dokin sukuwa ke ji da dokinsa. To, da hunturu ya kama, wajen watan Nuwamba, sai ma'aikata su shiga watsa gishiri bisa tituna don kada ruwa ya daskare. Gishirin nan abokin gaban ƙarfe ne, in ya fallatsu ƙarƙashin mota sai tsatsa ta kama ta. Ga shi kuma tayoyin irin motocin nan, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, taurarewa su ke yi, ba su kama ƙasa sosai. Saboda haka mutum ya kan kulle tasa a gareji sai Maris ko Afrilu. Tun 1998 ma akwai wata sanarwa da a ke kira SORN, watau mutum ya sanad da Gwamnati motarsa ta bar hanya, a ɗauke masa harajinta, shi kuma ba shi da ikon ɗora ta bisa titi, ko da a ƙofar gidansa ne.

Wani zai ce, ina abin damuwa ga mutumin da ke da wata motar ta zuwa aiki? Ni dai ba na yi musu dariya. Ba tafiya suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne rurin inji in an taka shi, da yadda sitiyari ke amsa hannu a kan kwana. Inda na ke ganin laifinsu wurin maganin da su kan yi wa kewar ne. In ta ci ƙarfin mutum, sai ran Lahadi ya shiga gareji, ya yaye lulluɓi, ya tayad da mota, ya yi minti biyar yana sauraronta, sa'an nan ya kashe, yana zaton ya kyauta mata.

Alhali kuwa cutarta ya yi. Duk litar fetur da inji ya ƙona, ya kan fid da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. In mota ta yi tafiya ta wajen rabin sa'a, kome ya ɗau zafi, tururin ya fice. Amma a minti biyar ƙarfe bai yi zafi ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta cikin salansa, wani ya gauraya da baƙin mai, ya zauna nan yana cin ƙarfe har mako ya kewayo a ƙara masa wani. Batir ma wutar da ya kashe wajen tayarwa ba ta komo masa duka ba.

Waɗanda suka san sha'anin hakuri su ke yi. Kafin su kulle ta su kan wanke ƙarƙashinta, su sake baƙin mai, su ƙara wa tayoyi iska don kada gefen da ke ƙasa ya baje, su jona batir da ƙaramar na'urar caji, su saki birkin hannu su sa waigi, don birki ya kan manne in ya daɗe a jaye. Suna kuma lura da fetur, gama tun Satumba 2021 wanda aka fi sayarwa a Ingila yana da itanol har kashi 10 cikin 100, shi kuwa jan laima ya ke yi. Ɓera ma ba a manta da shi, don cin wayoyi ya ke. Daga nan sai su ja ƙofa, ba su ƙara murɗa makulli sai ranar fita.

Kewar wata biyar ma da sauƙi in an gwada ta da ta kakanninsu a zamanin Yaƙin Hitila. A Satumba 1939 aka fara ba da fetur da awo, a Yuli 1942 aka hana shi ɗungum ga mai tafiyar nishaɗi, sai Yuni 1945 aka mai da ɗan kason. Mutane da yawa suka ɗora motocinsu bisa tubala shekara uku. Filin tseren Brooklands kuwa, wanda aka buɗe a 1907, tserensa na ƙarshe a Agusta 1939 aka yi shi. Aikin ƙera jiragen sama ya cinye wurin, har yaƙi ya ƙare ba a sake tsere a cikinsa ba.