Fitilar Birki Ko Launin Fata?

Ran 6 ga watan Yuli na shekarar 2016, da almuru, wani ɗan sanda ya tsai da wata mota a garin Falcon Heights cikin jihar Minnesota ta ƙasar Amurka. Mai tuƙin, Philando Castile, baƙar fata ne ɗan shekara 32, mai lura da ɗakin cin abincin wata makarantar firamare. Ɗan sandan ya ce masa fitilar birkinsa ce ta mutu. Amma kafin ya tsai da shi sai da ya gaya wa abokin aikinsa ta rediyo cewa direban ya yi kama da wani ɗan fashi da ake nema, saboda faɗin hancinsa. Castile, cikin ladabi, ya shaida masa yana ɗauke da bindiga, wadda kuwa yana da lasin ɗinta. Kafin ƙiftawa da ido ɗan sandan ya saki harsashi bakwai, ga budurwar mutumin a gefensa, ga 'yarta mai shekara 4 a kujerar baya. Castile ya mutu. A shekarar 2017 kotu ta wanke ɗan sandan.

Da 'yan jarida suka tono takardu, sai suka tarar an tsai da Castile a kan hanya fiye da sau 40 kafin wannan ranar, galibi a kan ƙananan laifuffuka. To, 'yan'uwa ɗalibai, mu tambayi kanmu: wane irin direba ne fitilarsa da lambar motarsa za su riƙa tsone wa 'yan sanda ido har sau 40? Ruwa ba ya tsami banza.

Ra'ayinmu shi ne, tushen wannan ta'asa yana cikin dokar da ta sakar wa ɗan sanda mara ya tsai da wanda ya ga dama. Muddin dokar tana nan, korar mugun ɗan sanda ɗaya ko biyu ba za ta kashe wutar ba.

Ga yadda abin yake. A shekarar 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da sunan Whren. Alƙalan tara duka suka amince cewa idan ɗan sanda ya ga direba ya karya wata dokar hanya, kome ƙanƙantarta, to tsai da shi ya halatta, ba kuwa ruwan kotu da abin da ke cikin zuciyar ɗan sandan. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san dokokin hanya sun fi ƙarfin mutum ya kiyaye su duka a kowane lokaci. Yau ka manta da sigina, gobe tayarka ta taka layi, jibi ka ɗara gudun da aka ƙayyade da kaɗan. Ɗan sandan da ya bi bayan mota na 'yan mintoci ba zai rasa abin kamawa ba. Ke nan kowane direba mai laifi ne, sai dai ɗan sanda ya zaɓi wanda zai tsayar. A wurin wannan zaɓin ne launin fata ke shigowa, ya shigo kuma ba tare da ya bar sawu ba, don abin da za a rubuta a takarda shi ne fitilar birki.

Masu kare 'yan sanda sukan ce ai inda aikata laifi ya yi yawa nan ake tura ma'aikata, kuma ta wannan tsayarwa ne ake kama bindigogi da miyagun ƙwayoyi. Wannan magana ta cancanci amsa, amsar kuwa tana cikin alƙaluman 'yan sandan kansu. A shekarar 2020 masana a Jami'ar Stanford suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan tsayarwa kusan miliyan 100 a faɗin Amurka. Suka gano cewa idan duhu ya shiga, lokacin da ɗan sanda ba ya iya gane fuskar direba daga nesa, sai kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa ya ragu. Shin faɗuwar rana tana gyara wa baƙin mutum tuƙinsa ne? Abin da ya canja kurum shi ne idon ɗan sanda ya daina ganin fata.

Haka nan a shekarar 2015 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta binciki 'yan sandan garin Ferguson na jihar Missouri. Baƙaƙen fata su ne kashi 67 cikin ɗari na mutanen garin, amma su ne kashi 85 cikin ɗari na direbobin da aka tsayar. Idan an tsai da su, caje motarsu da ake yi ya ninka na fararen fata fiye da sau biyu, alhali kuwa an fi samun haramtattun kaya a motocin fararen. Daɗin daɗawa, binciken ya nuna hukumar garin ta mai da tara hanyar cika baitulmalinta, har ta ƙiyasta cewa kusan rubu'in kuɗin shigarta na shekarar 2015 daga tara da kuɗin kotu zai fito. Talaka ya kasa biyan tara, a dakatar da lasin ɗinsa. Ya fita aiki da mota don ya samo kuɗin, a kama shi yana tuƙi ba lasin, a ƙara masa wata tarar. Cikin irin wannan tarko Castile ya yi shekaru yana juyawa.

Kada a ɗauka sabon abu ne. Tarzomar unguwar Watts ta birnin Los Angeles a watan Agusta na 1965, wadda ta ci rayuka 34, daga tsai da wani saurayi baƙar fata a mota ta faro. A watan Afrilu na 2015 fitilar birki ce ta sa aka tsai da Walter Scott a jihar South Carolina, ya ruga da gudu, ɗan sanda ya harbe shi ta baya. Ba don wani mai wucewa ya ɗauki hoton abin da wayarsa ba, da wuya a ce ɗan sandan ya sha ɗaurin shekara 20 da aka yi masa. A watan Yuli na wannan shekarar aka tsai da Sandra Bland a jihar Texas don ta canja hannu ba ta ba da sigina ba. Ta zo ne ta kama aiki a jami'ar da ta yi karatu. Gardama ta kaure a kan sigarin da ke hannunta, aka kulle ta, bayan kwana uku aka iske gawarta a ɗakin tsaro, hukuma ta ce ita ta kashe kanta. Ko da hakan ne, wane ne ya kai ta ɗakin, kuma a kan wane laifi?

Wani zai ce a ɗauki baƙaƙen fata da yawa aikin ɗan sanda, magana ta ƙare. To, a watan Janairu na 2023 'yan sanda suka tsai da Tyre Nichols a birnin Memphis, biyar daga cikinsu suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, su biyar ɗin nan kuwa duk baƙaƙe ne. Wanda aka ɗora bisa gurɓataccen tsari, tsarin zai bi, ko da fatarsa irin ta wanda yake duka ce.

Maganin da ya fi kama hankali shi ne a rage wa ɗan sanda mai bindiga ikon tsai da mota a kan abin da ba ya barazana ga ran kowa. Jihar Virginia ta kafa irin wannan doka a 2020. Birnin Philadelphia ya kafa tasa a 2021, ya hana tsai da direba don fitila ɗaya da ta mutu ko don wani abu da ya rataya a madubi. Mai tuƙi cikin maye da mai gudun wuce sa'a, waɗannan a tsai da su, ba mu da ja. Amma fitilar da ta mutu aikin makaniki ce. Sa'an nan a wajabta wa kowace rundunar 'yan sanda ta rubuta wanda ta tsayar, da dalili, da abin da ta samu, ta kuma bayyana wa jama'a, gama da alƙaluma aka kama Ferguson.

Me ya shafe mu, mu da ke nan cikin ɗakunan karatu, teku tsakaninmu da Amurka? Da yawa daga cikinmu burinsu shi ne su haye can neman ƙarin ilmi, wasu kuma yayyensu suna can tuni. Ran 4 ga Afrilu na 2022 ɗan sanda ya tsai da Patrick Lyoya a birnin Grand Rapids saboda lambar mota. Ɗan shekara 26 ne, ɗan ƙasar Kongo, wanda iyayensa suka gudo da shi daga yaƙi. Kokawa ta sarƙe, ɗan sandan ya harbe shi a ƙeya. A bakin titin Amurka ba a tambayar baƙin mutum ko daga Kano ya zo ko daga Alabama, ba a kuma tambayar digirinsa. Iyaye baƙaƙen fata a can sukan zaunar da 'ya'yansu ranar da suka sami lasin, su koya musu: hannu biyu bisa sitiyari, kada ka miƙa hannu aljihu sai ka nemi izini, kada ka ɗaga murya. Duk ɗanmu da ya sauka ƙasar, wannan darasi ya hau kansa tun daga filin jirgin sama.

Saboda haka wajibi ne mu san wannan al'amari da hujjojinsa, da shekarunsa, da sunayen waɗanda ya ci, mu kuma faɗe shi a duk inda aka zo ana yi mana wa'azin 'yancin ɗan Adam. Magabatanmu a jami'o'in Afirka ba su yi shiru ba lokacin da wariyar launin fata ke cin 'yan'uwanmu a Afirka ta Kudu, ko da yake su ma nesa suke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma kada ka tsaya nan: ɗebo wani ka kai masa.