Tafi-da-Gidanka: Hutun Iyali a Bakin Tekun Ingila

Jama'a, yau in aka ce tafi-da-gidanka, yaro zai laluba aljihu ya fito da wayar hannu. Amma manya sun sani, tun kafin waya ta karɓe sunan, abin da ake nufi da shi shi ne ɗakin nan mai tayoyi wanda mota ke ja, mai gado da murhu da wurin zama a ciki. A kansa za mu tattauna a wannan mako, shi da al'adar da mutanen Birtaniya suka kafa a kansa, watau ta kwasar iyali lokacin hutun makaranta a tafi a yada zango a bakin teku.

Turawa suna kiran wannan ɗaki karaban. Kalmar kuwa daga Farisanci ta samo asali, ma'anarta ta farko ita ce ayari. Wanda duk ya ji labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ya san ayari ba ya tafiya sai da madugu, da sanin zango, da bin ƙa'ida. To, haka abin yake ga wannan ayari na zamani. Mai kallo daga nesa zai zaci sakewa ce kawai da shan iska, alhali kuwa ƙa'idodi ne birjik ke riƙe da tafiyar, kuma ran yara a kansu ya rataya.

Da can masu yawon nuna wasanni a kasuwanni da mutanen Romani su ne aka sani da kwana a keken doki. Wanda ya mai da abin na nishaɗi wani likita ne na sojan ruwa, mutumin Sikotlan, ana ce da shi William Gordon Stables. A shekarar 1885 wani kamfani na birnin Bristol ya ƙera masa ɗaki na katako mai tsada, dawaki biyu ke ja, ya sa masa suna Wanderer. Ya tashi daga kudancin Ingila har Inverness, tare da direban dawaki da bara da karensa. Ka ga ke nan tun farko abin na masu hannu da shuni ne. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyar Caravan Club, a 1919 kuma kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera irin wanda mota ke ja.

Abu biyu suka kawo shi hannun talaka. Na farko doka ce. A 1938 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta buɗe wa ma'aikata da yawa hanyar samun hutun mako guda da albashi, shekara biyu bayan Faransa ta ba nata ma'aikatan mako biyu. Na biyu kuwa araha. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wajen 1950, wani ɗan kasuwa mai suna Sam Alper ya fito da wani ƙaramin samfuri mara nauyi, Sprite, wanda kuɗinsa bai kai fam 200 ba, ƙaramar mota ma tana iya jansa. Wanda ba shi da mota kuma sai ya yi hayar irin wanda aka girke wuri guda. Haka masu haƙar kwal na kudancin Wales suka riƙa cika Trecco Bay a garin Porthcawl da iyalinsu a makon ƙarshe na Yuli da na farkon Agusta, lokacin da ake rufe ramukan kwal, maƙwabcinka na gida shi ne maƙwabcinka na zango.

Da abin ya yi yawa, kowa na girke ɗakinsa inda ya ga dama, sai hukuma ta shigo. Dokar 1960 ta wajabta wa mai filin zango ya nemi lasisi daga ƙaramar hukuma, amma ta bar ƙofa ga manomi ko mai fili ya sauki ɗakuna har biyar, muddin wata ƙungiya da aka amince da ita ta ba shi shaida. Kasuwar ta ja baya da jiragen sama suka fara kwasar mutane zuwa Sifen da araha, har babban kamfanin Alper ya durƙushe a 1982. Ta sake farfaɗowa ƙwarai a 2020 da 2021, sa'ad da annobar korona ta hana fita waje.

Yanzu bari mu bi maigida daga ƙofar gidansa. Ƙa'ida ta farko tana ga kaya. Ƙungiyoyin masu wannan yawo suna ba sabon shiga shawara kada nauyin ɗakin, da kayan da ke ciki, ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke jansa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai kan tayoyi. In aka jibge su a baya, da zarar babbar mota ta gifta ko iska ta bugo, sai ɗakin ya fara kaɗa wutsiya kamar maciji, har ya kai ga kifar da motar da ke gaba. In haka ta faru ba a taka birki da ƙarfi, sai dai a ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari sosai har ya lafa. Doka ta ƙayyade gudu: mil 50 a awa a kan hanya mai falle ɗaya, mil 60 a kan tagwayen hanya da manyan tituna, watau kimanin kilomita 80 da 96. Kuma haramun ne a bar mutum a cikin ɗakin ana tafiya, duk yadda yara suka kai ga roƙo. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Da an isa zango sai wata ƙa'idar ta karɓa. Ana barin tazarar mita shida tsakanin ɗaki da ɗaki saboda gobara, don kowanne yana ɗauke da tukunyar gas, jikinsa kuma ba ya jimirin wuta. Akwai kuma maƙiyin da ba a gani. Gawayi, ko bayan wutarsa ta yi kamar ta mutu, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Dare a bakin teku da sanyi, sai wani ya ga dabara ce ya shigo da kaskon gashin nama cikin tanti don a ji ɗumi. A shekarar 2012 an rasa yara a zango biyu daban-daban na Ingila ta wannan hanya, cikin 'yan makonni. Saboda haka gawayi a waje yake kwana, kuma ana rataya 'yar na'urar da ke ƙara in ta shaƙi wannan iska.

Zaɓen wurin ma da lura. Gaɓar Holderness, a gabashin Yorkshire, teku na cin ta kusan mita biyu kowace shekara, har masu zango a can sukan ja ɗakunansu baya in gaɓar ta matso. A watan Fabrairu na 1990 kuma teku ta fasa katangar da ke kare garin Towyn a arewacin Wales, garin da ke cike da irin waɗannan ɗakuna, aka kwashe dubban mutane. Maigida mai hankali, kafin ya kafa turke, yakan tambayi mutanen wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Mun zo ga babbar magana, watau teku kanta. A nan ina so masu karatu su ba ni hankalinsu, don mu mutanen tudu ne, abin da muka sani kogi da tafki, ga shi kuwa 'ya'yanmu da yawa suna karatu da aiki a Birtaniya, wasu kuma suna kai yara bakin teku a Ikko ranar hutu. Kogi yakan cika da damina ya ja baya da rani. Teku kuwa a yawancin gaɓoɓi sau biyu take cikowa, sau biyu take janyewa, a cikin yini da kwana. Jan wata da na rana ke sa haka. Lokacin cikowar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, saboda haka wanda ya ga fili busasshe da ƙarfe huɗu jiya, ba lalle ya same shi haka bayan kwana uku ba. Cikowar takan fi girma kusa da tsayuwar sabon wata da kuma sa'ad da wata ya yi sha huɗu. A mashigin Bristol bambancin cika da janyewa yana wuce mita 12, tsawon bene mai hawa huɗu ke nan.

Inda rairayi yake shimfiɗe, ruwan ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Yakan bi kwaruruka ya zagayo ta bayan mutum ya yanke masa hanya, yana can yana tsintar ƙwarya da yara bai sani ba. A ranar 5 ga Fabrairu 2004, a Morecambe Bay, ruwa ya rutsa da wasu leburori 'yan ƙasar Sin da dare, aƙalla 21 suka mutu. A watan Agusta na 2016, a Camber Sands, da rana tsaka, gaɓa cike da mutane, samari biyar abokan juna daga Landan suka nutse. A lokacin babu masu gadin ruwa a wurin, sai bayan abin ya auku aka sa su. Don haka ne a irin waɗannan garuruwa ake kafe jadawalin cikar teku a bakin gaɓa, kuma duba shi ne aikin farko na mai iyali da safe.

Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa tun 1824 kuma take tafiya da gudummawar jama'a, ta fara sa masu gadi a gaɓoɓi a 2001. Da tutoci suke magana. Tsakanin tutoci biyu masu ja da rawaya nan ne wurin wanka, nan idonsu yake. Baƙi da fari na masu hawan allo ne a kan igiyar ruwa. Ja zalla kuwa na nufin kada kowa ya shiga. In aka ga wata jaka ruwan lemo tana kaɗawa a kan sanda, iska daga tudu take busowa, ba a sa yaro a kan katifar roba ko kwale-kwalen hurawa, don kafin a ankara ta yi nisa da shi.

Akwai kuma jan ruwa. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, yakan tattaru ya bi wata 'yar siririyar hanya da ƙarfi zuwa cikin teku. Abin haɗarin shi ne wurin yakan fi ko'ina kwanciya a ido, sai uwa ta ce wa yara ga inda babu igiya. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Sai ya yi iyo ta gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga hanyar, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu ya yi kira. Wanda ke tudu kuma kada ya auka ciki, ya buga 999 ya nemi masu tsaron gaɓa. Ruwan Birtaniya ko da bazara sanyi gare shi, yana ɗauke numfashin wanda ya faɗa ba shiri, shi ya sa ake koya wa yara su fara kwantawa a kan ruwa har numfashi ya dawo kafin su yi wani motsi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Wani zai ce, duk wannan ɗawainiya ina hutun yake? Tambayar tana da tushe. Ruwan sama yakan tsare iyali kwana uku a ɗakin da bai fi shago ba. Sau da yawa uwa ba ta huta komai ba, girki da wanke-wanke ne suka biyo ta, murhun ma ya ƙanƙance. Kuɗin zango kuma tashi yake a makonni shida na hutun makaranta, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, wanda kuwa ya ce zai cire yaro daga aji don ya riski araha, tun daga Agusta 2024 tarar fam 80 ke jiransa a Ingila, a kan kowane yaro, kuma uwa da uba kowa da tasa. Mutanen garuruwan gaɓa su ma suna da nasu kukan na cunkoson hanya, ko da yake cinikinsu na shekara a kan baƙin ya dogara.

Duk da haka ni a ganina ribar tana cikin ɗawainiyar. A otal yaro ba ya ganin inda ruwa ke fitowa, ba ya ganin wanda ya share ɗaki. A zango kuwa ruwa a tulun roba ake gangaro shi daga famfo, kowa ya ga yadda yake ƙarewa. Wannan ya ɗebo ruwa, wancan ya buga turakun tanti, ƙaramar ta shanya kaya, babban ya je ya karanto jadawalin teku ya zo ya faɗa wa uba ƙarfe nawa za a tashi daga rairayi. Uban da bai taɓa wanke kwano a gida ba, a nan ba shi da wurin ɓuya. Yaro yana ganin iyayensa, manya da su, suna bin umarnin tuta da na wani saurayi mai usur, sai ya gane bin ƙa'ida ba horon yara ba ne kaɗai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka shawarata ga duk wanda zai kai yara bakin teku, ko da tafi-da-gidanka ko da motar haya, a Ingila ko a wani wuri, ita ce ya ɗauki kansa madugu. Ya zaɓi gaɓar da ke da masu gadi, ya san lokacin cikowar ruwa, ya nuna wa yara wurin da za a haɗu in wani ya ɓace, kuma a kowane lokaci a san babba guda wanda idonsa ke kan yaran, ba a bar wa kowa da kowa ba. Fatake ba su yaba madugu don daɗin hira a hanya, sai in ya dawo da ayari cif kamar yadda ya fita da shi.

Sai mako mai zuwa.