Wanda Ya Rasa Gani Bai Rasa Hankali Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa mai cika sahu, yau ƙorafina a kanka yake. Kana zuwa dubiya don neman lada, amma dubi yadda kake yin ta. Ka shiga ɗakin dattijon da idonsa ya dushe ko kunnensa ya yi nauyi, sai ka juya ga ɗansa kana tambaya: "Yaya jikin nasa?" Alhali ga shi zaune da hankalinsa cikakke. Ka mayar da shi kayan ɗaki, sannan ka fita kana zaton an rubuta maka lada.

Shin ka manta dalilin saukar farkon Suratu Abasa? Saboda makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW), har aka riƙa barin Madina a hannunsa. To kai wane ne da za ka ɗauke kai daga makahon gidanku?

Ka koyi ladabi daga ma'aikatan jinya na ƙwarai. Idan suka zo wurin marar gani, sukan faɗi sunansu, su sanar da shi kafin su taɓa shi, su gaya masa in za su fita. Ba su gusar da butarsa ko sandarsa daga inda ya saba. Idan mai nauyin ji ne, sukan fuskance shi cikin haske domin ya ga leɓɓansu, su yi magana a tsanake. Tsawa ba ta ƙara masa fahimta, sai dai kunya.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan shiga hatsari: wanda ƙafarsa ta daina jin zafi, saboda ciwon sukari ko kuturta. A likita ana gwada tafin ƙafarsa da wani siririn zaren roba, ya rufe ido, ya faɗi inda ya ji taɓi. Masu jinya a cibiyar Danja, kusa da Maraɗi, sun daɗe da sanin cewa raunin da mai shi bai ji ba shi ke cinye yatsu. Kai kuwa, lokacin ɗari, sai ka ɗora wa mahaifinka ruwan alwala mai tururi, ko ka ajiye masa kaskon wuta kusa da ƙafa, kana ganin biyayya ce. Ƙafar ta ƙone, ta rure, a ƙarshe a yanke ta, sai ka ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta wanke mai sakaci daga tambaya.

Saboda haka ka gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannunka. Ka duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kullum, ka tsane su bayan alwala. Ka kakkaɓe takalminsa kafin ya sa, kada ya taka ƙasa ba takalmi. Idan ruwa zai cutar da rauni, shari'a ta buɗe ƙofar shafa a kan ɗauri da ta taimama. Ka tambayi malami. Wanda yake kwance ba ya iya motsi, a riƙa juya shi kamar kowace awa 2, don gudun gyambon kwanciya.

Kada kuma ka ce komai tsufa ne. Yanar ido ana cire ta da aiki, mutum ya koma karanta Alƙur'aninsa. Wani nauyin jin dattin kunne ne kawai. Amma idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ɓarin jiki ya mutu, ko magana ta karkace, kada a jira gari ya waye: a kai shi likita nan take.

Ka tuna, idon nan naka aro ne. Yadda ka riƙe su yau, ƴaƴanka suna kallo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa jinya ta zama kaffara. Ka isar da wannan ga duk mai jinya a gidansa.

Wassalamu alaikum.