"Kaca Kaca Ce": Maganar Da Ke Neman Kashe Mana Yara A Titunan Minna

Jama'a, yau da masu sayar da kayan keke nake, da masu gyara, da mu kanmu masu saye. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Shi ya sa keken lantarki ya fara shiga gidajenmu daga Bosso zuwa Tunga, daga Maitumbi zuwa Chanchaga. Ɗalibi ya saya, malamin makaranta ya saya, mai kai saƙo ya saya. Madalla. Sai dai mun sayi keken zamani, muna kuma kula da shi da ilimin keken Raleigh na kakanninmu. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen kaca.

Ɗan yayana yana da irin keken nan na gwanjo da ake shigo da su daga Turai, da shi yake zuwa karatu Gidan Kwano. Kacarsa ta fara tsalle, ya je wani shago, ba zan ambaci suna ba, aka miƙo masa wata a leda. Ya ce, "Baba, keken nawa giya 10 ne, wannan za ta yi?" Mai shago ya ce, "Yaro, kaca kaca ce, tun ba a haife ka ba nake wannan sana'a." Aka ɗaura, ya biya. Kwana huɗu tsakani, ya zo shataletalen Kpakungu, ya taka feda zai tsallaka, kaca ta tsinke, ƙafarsa ta zame, ya kife a tsakiyar titi, ga tankar mai a bayansa. Direban ya taka birki a kan lokaci, yaro ya tsira da ƙujewar gwiwa da tsagewar haɓa. Duk wanda ya san yadda manyan motocin hanyar Bida ke cika wurin nan ya san abin da ya kusa faruwa.

Da na koma shagon, sai aka ce min "tsautsayi ne". Tsautsayi gaskiya ne, amma kacar giya 7 aka ɗaura wa keke mai giya 10, aka haɗa bakinta da tsohuwar ƙusa da guduma. Wannan ganganci ne.

Bari in faɗi abin da ke ruɗar mutane. Duk kacar keke, tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa ɗaya ce: rabin inci, wato milimita 12.7. Saboda haka kowace kaca ka ɗora a kan haƙori, za ta yi kamar ta zauna. A nan mai shago yake samun bakin cewa "ka gani, ta shiga". To, bambancin yana wajen faɗi. Kacar keke mai haƙori ɗaya a baya, faɗin cikinta 1/8 na inci ne. Ta giya 6 zuwa 8, 3/32 ne. Daga giya 9 zuwa sama ta ƙara tsukewa. Ta waje kuwa, kacar giya 8 ta ɗan haura milimita 7, ta giya 10 wajen milimita 6, ta giya 11 wajen 5.5, ta giya 12 ƙasa da haka. Dalili a bayyane yake: wurin da ake jera haƙoran baya bai ƙaru sosai ba, don haka duk lokacin da aka ƙara haƙori ɗaya sai an matse sauran. Ka sa kaca mai faɗi a tsakanin haƙora matsattsu, sai ta riƙa gogar na kusa da ita, tana neman hawa kansa, tana murɗewa. Milimita ɗaya tak, wanda ido ba ya gani a cikin leda, shi ya kayar da yaron nan.

Don haka abu na farko, ƙidaya haƙoran baya da yatsanka. Kada ka dogara da lambar da ke kan abin canza giya. Akwai kekunan Holan da Jamus masu giyar Shimano Nexus, an rubuta 7 ko 8, amma giyar tana ɓoye cikin cibiyar taya, haƙori ɗaya ne a waje. Irin wannan kacar giya ɗaya yake so.

Abu na biyu, kuma shi ne masu gyaranmu da yawa ba sa tambaya: ina injin yake? Keken lantarki iri biyu ne. Akwai mai inji cikin cibiyar taya, kamar yawancin sababbin da ke zuwa daga Sin. Wannan injin yana juya taya kai tsaye, ƙarfinsa ba ya bi ta kaca, ƙafarka kaɗai kacar ke ɗauka. Akwai kuma mai inji a tsakiya, wajen feda, irin na Bosch ko Shimano ko Bafang. A wannan, ƙarfin inji da na ƙafa duka ta kaca suke wucewa. Mutum mai lafiya in yana tafiya mai nisa, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce wat 100 zuwa 200 ba. Injin Turai wat 250 aka rubuta masa, kuma yana zarce haka a hawa da lokacin tashi. Bafang na da masu wat 750 da 1,000. Wato kacar da aka yi don ƙafar mutum ɗaya, ka ɗora mata aikin mutum uku ko biyar, ga goyo a baya, ga buhun doya. Shi ya sa kamfanoni irin KMC da Shimano suke yin kaca ta musamman don keken lantarki, mai ƙarfafan ƙusoshi. KMC ma lambar giya take sa wa suna, e9, e10, e11, don kada a ruɗe.

A nan zan saɓa wa wasu 'yan bokonmu da ke karanta intanet su zo suna cewa kowane keken lantarki sai da kaca mai tsada. Ba haka ba ne. In injinka a cikin taya yake, kaca ta gari mai daidai da yawan giyarka ta wadatar, kada wani ya cuce ka da sunan "ta lantarki ce". In kuwa a tsakiya yake, kada ka yi wa kaca rowa. Ka kuma sani, mai injin tsakiya in kacarsa ta tsinke, keken ya mutu ke nan ko batir a cike yake, sai turawa.

Sai masu dabarar da ta fi ba ni haushi: "Mu sa ta babur, ta fi ƙarfi." Kacar 428 da ke kan yawancin ƙananan baburanmu ita ma tazararta rabin inci ne, shi ya sa ake ganin za ta yi. Amma faɗin cikinta ya kusa milimita 8, ya ninka na kacar keke fiye da sau biyu, kuma 'yan gangunan da ke zama tsakanin haƙora sun fi girma. Ba za ta ratsa giya ba, a kan haƙori ɗaya ma rawa za ta riƙa yi. Ƙarfin da bai zauna daidai ba, haƙoran yake ci.

Masu shago za su ce, "Ai talaka ne ke neman mai araha, mu abin da ake nema muke kawowa." Na yarda da rabin maganar. Mu masu saye muna da laifi, mukan zo da kuɗin kaca ɗaya muna neman a ba mu canji. Amma talaucin mai saye bai ba ka izinin ɓoye masa gaskiya ba. Ka ce masa, "Irin taka ba ni da ita, sai an aiko daga Kano ko Legas ko Onitsha, ka ba ni kwana uku." Ka rasa cinikin yau, ka samu mutum har abada. Ko mai kemis ba ya ba ka maganin ciwon kai ya ce na hawan jini ne don kawai naka ya ƙare. Ga kuma jabu: kaca mai ɗauke da sunan Shimano ko KMC a kwali alhali ba tasu ba ce ta cika kasuwannin duniya, kamfanonin da kansu sun sha yin gargaɗi. In ka ga farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado.

Kuma arahar nan ƙarya ce ko ta fuskar lissafi. Kaca ba miƙewa take yi kamar roba ba, ƙusoshinta ne ke cinyewa, sai tazarar ta ƙaru kaɗan-kaɗan. Da ta ƙaru, sai ta fara sassaƙe haƙora su koma daidai da ita. In ka makara, sabuwar kaca ba za ta zauna a kan tsofaffin haƙora ba, tsalle za ta riƙa yi, dole ka sayi haƙoran baya gaba ɗaya, wani lokaci har da na gaba. Na injin tsakiya kuwa ba a kowane shago ake samunsu ba.

Gane lokacin canji ba ya buƙatar digiri. Tef ɗin tela ko rula ya isa. Ka ja kacar ta miƙe, ka sa sifili a tsakiyar ƙusa ɗaya. A sabuwar kaca, ƙusa ta 24 bayanta za ta faɗa daidai kan inci 12, wato milimita 304.8. In ta wuce da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta kai milimita 3, haƙoran ma sun tafi. Akwai ɗan ƙarfen awo da aka yi don wannan aiki, mai lamba 0.5 da 0.75, bai kai tsawon biro biyu ba. Nawa ne cikin masu gyaran kekenmu suke da shi a akwati? Ku tambaya ku ji.

Tsawo ma abin dubawa ne. Kacar kasuwa galibi gaɓa 114 ko 116 take zuwa, alhali keken lantarki da yawa sun fi tsawo ta baya, har ana yi musu mai gaɓa 136. Abin da ake yi a nan shi ne a yanko guntu daga wata tsohuwa a ƙara, tsohuwa da sabuwa, mai faɗi da siririya. Nan wurin ne zai fara budewa. Ka ƙidaya gaɓoɓin tsohuwarka kafin ka je kasuwa. Maɓallin haɗa baki shi ma nasa giyar ne, na giya 9 ba ya yin aikin na giya 11. Ƙusar da aka riga aka fitar daga siririyar kaca kuwa ba a mayar da ita, domin bakinta ya riga ya gutsure.

Ba zan bar baƙin mai ba. Kowa ya san jar ƙasar Minna da ƙurar hunturu. Baƙin man inji da ake shafa wa kaca yana kama ƙurar nan ya zama kamar dutsen niƙa, yana cin ƙusoshi dare da rana. A goge kaca da tsumma, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a sake gogewa. Da damina, bayan an ratsa ruwa, a maimaita. Mai injin tsakiya kuma ya sassauta ƙafa lokacin canza giya, kada ya tashi daga tsaye da giya mai nauyi.

Ga abin da nake nema daga wannan ƙungiya tamu. A zamanmu na gaba, a ware kuɗi a sayi ƙarfen awon nan da abin yanke kaca, a ba masu gyaran unguwarmu, a tara yaran shagunansu na yini ɗaya a nuna musu yadda ake ƙidaya haƙori da duba inda inji yake. Muna da 'ya'ya masu karatun injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, guda ɗaya ya ishe mu wannan aiki. Masu keke kuma su haɗa kai su riƙa yin odar kaca tare, kowa ya rubuta yawan giyarsa da yawan gaɓa. Ni na ɗauki nauyin ƙarfen awo biyu na farko, kuma zan zo da tsinkakkiyar kacar yaron nan taron domin kowa ya riƙe ta ya gwada da wadda ta kamata a sa masa.