Siminti ya yi sauƙi, amma wa ke duba ƙarfe kafin a rufe shi?

Duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai tun bayan damanar 2024 zai ga ƙarafa a tsaye, da tulin tsakuwa da rairai a bakin hanya, da masu buga bulo sun cika filaye. Jama'a na sake gina abin da ruwa ya ci. A alƙaluman gwamnati, damanar ta halaka mutum 396, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, ta kuma rusa gidaje sama da dubu 150. Jihar Maraɗi ce kan gaba wajen asarar rayuka, sai Tawa da Damagaram. Tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, shi ma ya faɗi a farkon Satumba, kuma sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda masu neman mafaka sun cika azuzuwa.

A watan Oktoban ne hukumomi suka karya farashin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari. Tan guda ya koma jika 55 a Yamai, wato buhu jika biyu da dala 150, a Tawa kuma, inda masana'antar Malbaza take, jika 51. Manufar ita ce magidanci ya samu ya bar ginin ƙasa ya koma na siminti. Matakin ya yi amfani, ba mai musu. Sai dai ya bar wani gibi da ba a cika magana a kai ba. Siminti shi kaɗai ba ya riƙe gida. Abin da ke riƙe shi shi ne ƙashin ginin: tushe, da ginshiƙai da magina ke ce wa poto, da ɗamarar kankare da ke zagaye bango, wato shenaj, da rufi. Kuma duk wani kuskure da aka yi a nan, kwanaki kaɗan ne yake fili. Da an zuba kankare an yi shafe, shi ke nan, ya shige ciki.

Gaskiya ne yawancin gidajen da suka rushe a 2024 na ƙasa ne, da yawa kuma a kan hanyar ruwa aka gina su, wanda ba laifin ƙarfe ba ne. Amma ɗakin ƙasa yakan yi gargaɗi: bango ya jiƙe, ya tsage, ƙasa ta fara zubowa. Rufin kankare kuwa, ko da irin mai ramuka ne da ake yi da bulon rufi, kowane murabba'in mita nasa ya doshi kilo 300. Ɗaki mai mita huɗu tsawo da huɗu faɗi ke nan yana ɗauke da kusan tan biyar a bisa kan masu barci. Idan aka fitar da mutane daga ginin ƙasa aka kai su ƙarƙashin dal ɗin da ba wanda ya duba, an sauya musu haɗari ne kawai, ba a raba su da shi ba.

Inda ake cin amanar gini

Abu na farko da ake taɓawa shi ne ƙarfe, domin shi ne mai tsada, kuma shi ne ba a gani daga baya. Ana sayar da shi da lamba, 6, 8, 10, 12, gwargwadon kaurinsa a milimita, amma ba kowane ƙarfe ne ya kai lambar da aka kira shi da ita ba. Akwai hanyar ganewa da ba ta buƙatar injiniya: sikeli. Sandar ƙarfe 12 mai tsawon mita 12 tana da nauyin kilo 10,7. Ta 10 kilo 7,4 ce, ta 8 kuma kilo 4,7. Idan an aza sanda ta gaza da kilo guda ko fiye, to mai gida ya biya kuɗin 12 an ba shi wani abu tsakanin 10 da 12. Mai shago ba zai ji daɗin a zo masa da sikeli ba, amma wannan ba matsalar mai saye ba ce.

Ko ƙarfen ya cika, ɗaurinsa ma magana ce. Ƙananan zobba da ke kama dogayen sanduna a cikin poto su ne ke hana su buɗewa idan nauyi ya hau. A gidan zama an saba barin kamar santimita 15 tsakaninsu, a kuma matse su kusa da mahaɗar poto da ɗamara. Mai ɗauri da aka yi wa jinga, yana son gamawa ya wuce wani aikin, zai iya buɗe su zuwa 25 ko 30, ya rage wa kansa wahala, a wasu lokutan ya rage ƙarfen da zai fita da shi ta bayan gida. Haka wajen haɗa sanda da sanda: ya kamata su hau juna da tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu, wato kusan rabin mita ko fiye ga ƙarfe 12. Ana samun inda suka hau juna da taƙi ɗaya kacal, aka ɗaure da waya.

Sai kuma tazara tsakanin ƙarfe da katakon da ake zuba kankare a ciki. Dole kankare ya lulluɓe ƙarfe da aƙalla santimita biyu da rabi zuwa uku, a cikin tushe ma fiye da haka. In ƙarfe ya jingina da katako, bayan an cire katakon zai kasance a bakin iska da danshi. Tsatsa tana kumbura, kumburin ya fasa kankare, ruwa ya ƙara shiga. Shi ya sa ake ganin gidajen da ba su shekara goma ba, ƙasan rufinsu na ɓarewa, jan ƙarfe a waje. Maganin ƴan guntayen siminti ne da ake saƙalawa tsakanin ƙarfe da katako, abin da kuɗinsa bai kai na shayin ma'aikata na yini guda ba.

Kuskuren da ya fi saurin kisa yana a baranda mai leƙowa waje ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinta ba. A irin wannan wuri saman kankaren ne ke jan nauyi, don haka manyan sanduna a sama suke zama, su shige can cikin rufin ɗaki. Wanda ya saba shimfiɗa ƙarfe a ƙasan dal yakan yi haka a baranda ma. Ko kuma an ɗaura shi daidai, sai masu ɗauko kwaɓi su tattake shi ya kwanta. Irin wannan baranda takan faɗi ne ranar da aka cire tokara, ko ranar biki da mutane suka taru a kanta.

Kwaɓi, ruwa da haƙuri

Ƙa'idar da kowane ɗalibin makarantar koyon gini ya haddace ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita mai cubi ta kankaren poto da rufi: buhu bakwai, da tsakuwa kusan lita 800, da rairai lita 400. A harshen shantiye, buhu guda yana cin baro biyu na tsakuwa da baro ɗaya na rairai, da ruwa kamar lita 25. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne baron rairai ya zama biyu, a kuma yi ta ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin gudu cikin katako. Kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi daɗin aiki, amma ruwan da ya yi yawa idan ya bushe ramuka yake bari. Rairan da aka kwaso daga gulbi da laka a jikinsa shi ma yana hana siminti kamawa. Gwajinsa kwalba ce: a zuba rairai da ruwa a girgiza, a ajiye, laka za ta kwanta a sama kowa ya ga kaurinta.

Yanayin ƙasar ma ba ya taimakawa. An fi yin gini da rani, lokacin da hunturu ke busar da komai ko zafin Afrilu ya haura digiri 40. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwa yake nuna. Yana son a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A unguwar da ake sayen ruwa a jarka wajen ƴan garuwa, shayar da poto safe da yamma kuɗi ne, kuma shi ne abin da ake fara yankewa. Tokarar da ke ƙarƙashin rufi kuma haya ake ɗauko ta, mai ita yana jira, sai a cire ta a kwana goma maimakon mako uku zuwa huɗu.

Akwai ƙananan abubuwa da igiya da mita ke kamawa cikin minti biyar. Ɗaki mai kusurwa daidai, in an auna daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa ta ɓangarorin biyu, tsawon ɗaya ne. Poton bene ya kamata ya hau kan na ƙasa, ba ya goce ya zauna a tsakiyar rufi ba. Daɓen gida ya ɗara titi tsawo sosai, darasin da mazauna unguwannin kwari suka biya da tsada. Mai saka wayar lantarki ko bututun ruwa kuma kada a bar shi ya sassaƙe poto don ya samu hanya. Ga masu rufin kwano, katakon rufi ya ɗauru da ƙarfen da aka dasa a cikin ɗamara, domin iskar farkon damana kan ɗauke rufin da aka danne da bulo kawai.

Takarda na nan, mai dubawa fa?

Ba rashin doka ba ne. Nijar na da dokar 2018 da ta shimfiɗa ƙa'idojin gini da muhalli, izinin gini kuma a ma'aikatar magajin gari ake neman sa. Akwai ɗakin gwaje-gwajen ayyukan gini na ƙasa, LNTP/B, a Yamai, wanda ke iya fasa samfurin kankare ya faɗi ƙarfinsa, akwai kuma ƙungiyar masu zanen gine-gine. Amma waɗannan sun fi aiki a manyan kwangiloli na gwamnati da bankuna da ƙungiyoyi. Gidan malamin makaranta ko ɗan kasuwa da ake ginawa kaɗan-kaɗan cikin shekara biyar, yau poto, baɗi rufi, ba ya ganin kowa daga cikinsu. Ko inda aka karɓi izini, zane aka duba a ofis. Ƙarfen da ke cikin rami wani abu ne dabam.

A da, ginin ƙasa yana da nasa masu tsaro. Sarkin magina da manyan magina sun san iyakar tazarar da azarar giginya ke iya ɗauka, sun san inda za a sa bakan gizo, kuma sunan mutum na tafiya da aikinsa a cikin gari. Ginin siminti ya shigo da yawa, da sauri, a hannun matasan da suka koyi aikin da ido a Yamai ko Abijan ko Libiya. Da yawansu gwanaye ne. Amma tsohon tsarin ya raunana, na zamani bai sauko unguwa ba, sai aka bar mai gida da magini su biyu.

Matsalar ta fi tsanani ga ƴan ci-rani. Mutum yana Kodebuwa ko Aljeriya ko Gana yana turo kuɗi, ƙane ko ɗan wa ne ke tsaye a kan aikin, hujja kuma hoton WhatsApp. Hoton da ake turawa kusan kullum na bango ne da ya tashi, domin shi ke nuna kuɗi sun yi aiki. Ba a cika tura hoton ƙarfe da mita a jikinsa ba. Sannan akwai kunya: tambayar ƙane buhu nawa aka zuba kamar zarginsa da sata ne, tambayar dattijon magini kuma kamar raina shi ne. Sau da yawa wannan kunyar ce ke sa a zuba kankare a kan kuskuren da kowa ya gani.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne a raba duba da zargi, ya zama sharaɗi tun ranar ciniki. A yi magana a gaban shaidu cewa ba za a zuba kankare ba a tushe, ko a poto da ɗamara, ko a rufi, sai wani na uku da ba shi da hannu a kwangilar ya zo ya gani, kuma biyan kowane kaso na kuɗin aiki ya biyo bayan ganinsa. Ƙasar na yaye matasa masu takardar fasahar gini kowace shekara, da yawa suna zaune ba aiki. Ziyara uku ko huɗu ta irin waɗannan ba za ta kai kuɗin ƙofar ƙarfe mai ado da ake sawa a ƙofar gida ba. Magini na kirki ma riba zai ci, domin yau ana haɗa shi farashi da wanda ke rage ƙarfe, kuma mai ragewar ne ke samun aikin.

Ma'aikatun magajin gari na iya ɗaukar wannan su mai da shi tsari: jerin sunayen masu duba da aka tantance, farashi sananne, da takarda guda da ake sa wa hannu kafin zuba rufi, aƙalla ga duk gidan bene da duk ginin da za a ba haya ko a mai da shi makaranta. Haɗarin a bayyane yake, kada takardar ta zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro, a sa hannu daga kan babur ba a sauka ba. Saboda haka zai fi kyau mai duban ya ɗauki alhaki da sunansa, kuma a iya cire shi daga jerin. Ma'aikatar kasuwanci da ta iya bin shaguna don tabbatar da farashin buhun siminti, tana iya shiga shagunan ƙarfe da ke maƙwabtaka da su da sikeli a hannu.