KO KAZA MA DA ƘAFA BIYU TAKE TAFIYA!

Akwai wani hoto da ya cika littattafan boko: biri a gefen hagu a sunkuye, na gabansa ya ɗan ɗago, na gaba ya ƙara miƙewa, har a kai ga farar fata a gefen dama yana taku. Wani mai zane a Amurka, Rudolf Zalinga, ne ya zana asalinsa, aka buga a 1965. Abin da ɗalibi ke ɗauka a ciki shi ne wai mutuntaka tsani ce, wanda ya fi miƙewa ya fi zama mutum.

To, kaza fa? Jimina fa, wadda ke gudun kilomita 70 a awa da ƙafa biyu? An ruwaito cewa a Girka ta dā, da Aflatun ya siffanta mutum da dabba mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, sai Dayojinis ya fige zakara ya kai masa makaranta. Aya ta 45 a Suratun Nur ma ta kawo tafiya da ciki, da ƙafa biyu, da huɗu a matsayin alamar ikon Allah, ba ma'aunin daraja ba.

Su kansu masanan kimiyya sun soki hoton, domin ko a bincikensu babu wannan layi ɗaya miƙaƙƙe. A 1978 aka gano sawun masu ƙafa biyu cikin daskararriyar tokar aman wuta a Layetoli ta Tanzaniya, aka ƙiyasta shekarunsa miliyan 3.6. Halittun da ake danganta sawun da su, ƙwaƙwalwarsu ba ta fi ta birin cimfanzi da yawa ba. Ashe taku daban, hankali daban.

Tunanin tsani kuwa ya girmi hoton, kuma ya yi ɓarna. A 1906 aka saka Ota Benga, mutumin Kwango, a ɗakin birai na gidan namun dajin Buronks da ke Niyok, jama'a na tururuwar kallo. Da ƙafa biyu yake tafiya kamar masu kallonsa, amma hakan bai cece shi ba. A 1916 ya harbe kansa. A 2014 ma sai da aka jefi ɗan wasan Barcelona da ayaba a filin ƙwallo a Sifen.

Don haka wajibi ne matasa su farga. Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta tabbatar da karramar 'ya'yan Adam ba tare da sharaɗin launi ko ƙafa ba. Gurgun da ke rarrafe a ƙofar masallaci cikakken mutum ne, duk wanda ya raina shi ya hau tsanin masu kallon Ota Benga.

Allah Ya sa a gane, amin.