Tulun da Ya Fashe da Kansa

Hausawa na cewa jiki ya fi kunne ji. Karin maganar zargi ce a kan ɗan Adam, cewa gargaɗin baki ba ya isarsa sai ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma wanda ya dubi rayuwar mutane da idon basira zai ga zargin ma ya yi sassauci, domin sau da yawa jikin yakan ji, mai jikin kuma ya koma. Ɗalibin da ya bar bita sai daren jarrabawa a zangon farko, shi ne zai sake barinta a zango na biyu. Wanda bashi ya kunyata bara, bana ma yana tsaye a ƙofar mai ba da bashi. Mai nazarin harshe yana da ta cewa a nan, domin babban kaso na wannan mantuwa a cikin jimla ake ƙera shi, a daidai lokacin da mutum ke ba da labarin kuskurensa.

Kafin a zo ga jimla, ya dace a fara da halittun da ba su da ita. Tsakanin 1955 da 1966, masanin halayyar dabbobi John Garcia ya nuna a Amurka cewa ɓeran da ya sha ruwa mai zaƙi sannan ciwon ciki ya kama shi yakan ƙaurace wa wannan ɗanɗano, ko da sau ɗaya abin ya faru, ko da kuma ciwon bai zo ba sai bayan awanni. A 2006, John Marzluff da abokan aikinsa na jami'ar Washington suka sanya wata fuskar roba suka kama hankaki bakwai, suka sa musu alama suka sake su. Shekaru bayan haka, duk wanda ya ratsa harabar jami'ar da wannan fuska sai hankaki su bi shi da kururuwa, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. A gandun dajin Tarangire na Tanzaniya kuwa, lokacin farin 1993, garkunan giwayen da tsofaffin mata ke jagoranta sun fice neman ruwa da ciyawa, ƴaƴansu kuma suka fi tsira. Masu binciken sun lura cewa waɗannan tsofaffi sun riski farin 1958 zuwa 1961, suka kyautata zaton tuninsa ne ya nuna musu hanya.

Dabbobi kuma suna isar wa junansu abin da suka sani. A 1980, Seyfarth da Cheney da Marler suka tabbatar cewa wani jinsin birai na Amboseli a Kenya yana da kuka daban ga damisa, daban ga gaggafa, daban ga maciji. Jin na farko sai birai su haye bishiya, na biyu su dubi sama su shige ƙungurmi, na uku su miƙe tsaye suna duban ƙasa. Karl von Frisch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, ya gano cewa ƙudan zuma yana rawa a cikin amya don ya sanar da ƴan'uwansa nisan furanni da kusurwar da suke.

To ina bambancin yake? Émile Benveniste ya nuna shi tun 1952, a maƙalarsa kan sadarwar dabbobi da harshen ɗan Adam. Ƙudan zuma yana bayar da rahoton abin da ya gani ne da kansa. Ba ya gina saƙo a kan saƙon wani, ba ya mayar da amsa, ba ya muhawara. Charles Hockett, a 1960, ya jero siffofin da harshe ya tattara, cikinsu har da iya magana kan abin da ba ya nan da iya ƙirƙirar sabbin jimloli ba iyaka. Da waɗannan siffofi ne kaka ke gargaɗin jikanta kan yunwar da bai gani ba. Da su ne kuma mutum ke iya ba da labarin abu ɗaya ta fuska goma, ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi. Biri ba shi da kukan da ke nufin "damisar ba ta kai yadda ake faɗa ba". Ɓera ba shi da hanyar shawo kan kansa cewa ciwon jiya tsautsayi ne.

Bincike ya nuna cewa yadda aka faɗi abu yana taɓa yadda ake tuna shi. A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Aka tambayi wasu gudun motocin da aikatau mai ma'anar "bugi juna", wasu kuma da mai ma'anar "ragargaji juna". Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Cikin mutum 50 da suka ji kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani; cikin 50 da suka ji mai sanyi, 7 kacal. A 2011, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky suka gwada masu jin Ingilishi da masu jin Sifaniyanci da hotunan bidiyo na mutane suna fasa abubuwa, wani lokaci da gangan, wani lokaci bisa kuskure. A ɓarnar ganganci duka ɓangarorin sun tuna wanda ya yi. A ta kuskure kuwa, masu Sifaniyanci, waɗanda suka fi yawan cewa "abin ya fashe", ba su kai masu Ingilishi tuna mai aikin ba.

Duk ɗalibin da ya karanta rabe-raben aikatau na F. W. Parsons zai gane wannan ƙofa a Hausa. "Na fasa tulu" jimla ce mai aikau da karɓau. "Tulu ya fashe" ta kawar da aikau gaba ɗaya. Haka "na karya" da "ya karye", "na zubar" da "ya zube", "na ɓatar" da "ya ɓace". Akwai kuma salon da ke mayar da mai laifi wanda aka zalunta: mota ta ƙwace masa, magana ta suɓuce mata, lokaci ya ƙure musu. Ga kuma "an", wakilin suna marar fuska, wanda ke ba hukuma damar cewa "an yi kuskure" ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. A harabar jami'a ma ana jin rabon a fili: wanda ya yi nasara yakan ce "na ci", wanda bai yi ba yakan ce "an kayar da ni". Wanda ya maimaita jimla ta biyu sau ashirin ya rasa abin gyarawa, tunda a labarinsa babu wani aikin da ya aikata.

Abin da ke faruwa ga mutum ɗaya yana faruwa ga al'umma, kuma a nan ne farashin ke zama rayuka. Ƙasar Hausa ta adana yunwoyinta cikin sunaye. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiranta Ƙaƙalaba. Ta 1984 zuwa 1985 mutanen Nijar da dama sun raɗa mata El-Buhari, saboda rufe iyakar da Najeriya ta yi a 1984. Sunan ya riƙe gaskiya guda, domin rufe iyakar ya tsananta wahala, amma ya bar sauran dalilai a inuwa: ƙarancin ruwan sama, gajiyar ƙasa, rumbunan da ba su da ajiya. A 2005 kuwa gardamar ta koma kan kalmar kanta, inda shugaban ƙasa na lokacin, Mamadou Tandja, ya musanta cewa akwai yunwa, yayin da cibiyoyin ciyar da yara a jihar Maraɗi suka cika. Bayan ambaliyar Yamai ta 2012 da ta 2020, an riƙa jin jimlar "ruwa ya ci gidaje". Ruwa ne aikau, don haka babu mai amsa tambayar wa ya yanka filaye a bakin kogi, wa ya sayar, wa ya bar talaka ba shi da wani wurin zuwa.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujjoji masu nauyi. Dabbobi ma suna maimaita kuskure. Faɗa-wuta ba ta daina kewaya fitila, kifi yakan sake haɗiyar ƙugiya. Tunin ɓera kuma makaho ne, yana iya ƙaurace wa lafiyayyen abinci don kawai ciwo ya biyo bayansa, kamar wanda maciji ya sara yake gudun baƙin tsumma. Sannan sassauta magana yana da amfaninsa: uwar da ta ce "tulu ya fashe" tana kare yaronta daga duka, kara da kunya kuma suna cikin abin da ke riƙe zaman tare. Duk wannan haka yake. Hausa ba ta tilasta wa kowa ɓoye aikau, Faransanci da Larabci ma suna da nasu hanyoyin ɓoye shi. Zaɓi ne na mai magana. Sai dai akwai tazara tsakanin rufa wa wani asiri a gaban jama'a da rufe wa kai ido a keɓe, kuma malaman addini da kansu suna koyar da cewa imani da ƙaddara ba ya soke riƙo da sababi.

Nan ga aiki a gaban ɗaliban kimiyyar harshe na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Gwaji irin na Fausey da Boroditsky ba ya bukatar fiye da wayar salula, da gajerun bidiyo, da masu magana daga karuruwan harshe daban-daban. Ana iya tattara sanarwoyin hukumomi da labaran rediyo na bayan ambaliya ko haɗarin hanya, a ƙirga sau nawa aka ambaci aikau, sau nawa aka fake da "an". Ana iya zama da tsofaffi a rubuta sunayen yunwoyi da abin da kowane suna ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai, tun masu tunin suna raye. Ana kyautata zaton giwayen Tarangire sun tsira ne don tsohuwar garke ta tuna hanya yadda take. Al'ummar da ke son cin irin wannan moriya sai ta koyi faɗin wanda ya fasa tulun, da yadda ya fasa shi, kafin ta sayi sabo.